HD da SD: Yadda risiba ke sarrafa tashoshin gida wajen kallo da naɗa

Akwai ƙorafin da ake yawan ji daga wanda ya sayi sabuwar risiba. An rubuta Full HD ɓaro-ɓaro a jikin kwali, tashar ƙwallo ta waje tana fita tar har ana ganin ciyawar fili, amma da zarar an koma tashar jiha ko wata tashar Hausa sai fuskoki su baje, rubutun ƙasan allo ma da ƙyar ake karantawa. Wani ya mayar da risibar kasuwa, wani ya sake dish, wani kuma ya ɗora wa mai saiti laifi. A mafi yawan lokuta babu mai laifi a cikinsu. Risiba ba ta ƙirƙirar hoto. Abin da aka aiko mata daga sama shi take buɗewa, shi kuma take naɗewa. Wanda ya gane wannan ba zai kashe kuɗi a inda ba za su yi magani ba, kuma ba zai wayi gari filashinsa ya cika ana tsakiyar wasa ba.

A kasuwa an fi kiran na'urar tashoshin kyauta risiba, ta kamfanonin biya irin DStv da StarTimes kuma dikoda, amma aikinsu a ciki iri ɗaya ne. GOtv ba ya cikin wannan bayani, domin da eriya yake aiki ba da dish ba.

Mene ne SD, mene ne HD?

Kowane hoton talabijin tarin ƙananan ɗigo ne, irin waɗanda ake ƙirgawa a kyamarar waya. Hoton SD da ake amfani da shi a Najeriya da Nijar da Ghana yana da ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye, jimilla 414,720. HD kuma iri biyu ne. Akwai 720p mai ɗigo 1280 sau 720, wato 921,600. Akwai 1080 mai ɗigo 1920 sau 1080, wato 2,073,600. Ke nan cikakken HD ya ninka SD sau biyar daidai.

Duk mai kallon YouTube ya san wannan bambanci, shi ne tsakanin 480p da 1080p. Ya kuma san cewa a allon waya mai inci shida 480p ba ya damun ido sosai. Matsalar tana bayyana ne idan aka shimfiɗa waɗannan ɗigo dubu ɗari huɗu a kan talabijin mai inci 50 ko 55. Shi ya sa tashar da ake kallo lafiya a tsohon talabijin mai ƙeya take komawa dishi-dishi ranar da aka kawo sabon filasma gida.

Me ya sa tashoshin gida da yawa suke SD?

Tasha tana tura shirinta zuwa wata cibiya mai babban dish, cibiyar ta harba shi zuwa tauraron ɗan'adam da ke nisan kusan kilomita 36,000 a saman tsakiyar duniya, tauraron kuma ya watso shi ƙasa. DStv a Najeriya yana sauka daga taurarin Eutelsat da ke digiri 36 gabas, StarTimes na dish daga SES-5 a digiri 5 gabas, NigComSat-1R na Najeriya yana digiri 42.5 gabas, Nilesat kuma yana digiri 7 yamma.

A jikin kowane tauraro akwai sassa da ake kira tiransfonda, masu saiti suna ce musu TP. Kowane TP kamar bututun ruwa yake, yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma haya ake biya. A tsohon tsarin watsawa, TP mai lambar gudu 27500 da lambar gyara 3/4 yana ɗaukar kusan megabit 38 a sakan. Idan aka ba kowace tashar SD megabit biyu da rabi, tashoshi 15 za su shiga. Idan HD ce mai cin megabit takwas, huɗu ne kawai, ko biyar in an matse. Tashar da ke son fita a HD za ta biya kuɗin gurbin tashoshi uku ko fiye, bayan ta sauya kyamarori da na'urorin tace shiri da layin da ke kai shirin cibiyar harbawa. Ga tashar da tallace-tallace ƙalilan ke riƙe da ita, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne.

Akwai kuma abin da ya fi SD muni, wato SD da aka matse fiye da kima. Idan aka cusa tashoshi da yawa a TP ɗaya, hoton yakan farfashe ya zama ƙananan murabba'ai duk lokacin da aka yi motsi da sauri. Daidai yake da bidiyon da aka yi ta turawa daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan: abin da ya zube a hanya, babu wayar da za ta dawo da shi komai tsadarta.

Ƙofofi biyu da tasha ke bi a cikin risiba

Kafin hoto ya fito, dole risiba ta iya abu biyu.

Na farko shi ne kamo siginar. Tsohon tsarin shi ne DVB-S, sabon kuma DVB-S2 wanda ya fito a 2005, yana ɗaukar kusan kashi 30 cikin ɗari fiye da na da a gurbi ɗaya. Risibar DVB-S2 tana kama duka biyun. Tsohuwa mai DVB-S kaɗai ba ta ganin TP na sabon tsari kwata-kwata. Za a yi ta sikanin, tashar ba za ta fito a jeri ba, ko da dish yana kan saiti daram.

Na biyu shi ne warware matsin bidiyon. Tsofaffin tashoshin SD suna amfani da MPEG-2. H.264, wanda ake rubutawa MPEG-4 a kwali, ya zo a 2003, yana ba da hoto mai kyau iri ɗaya da kusan rabin data. H.265 ko HEVC ya biyo baya a 2013, ya sake rage kusan rabi. Risibar da ba ta san matsin da aka yi wa tasha ba takan nuna sunan tashar, wani lokaci har a ji murya, amma allo ya zauna baƙi. Murya ba hoto alama ce ta cewa dish lafiya yake, risibar ce ta tsufa.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Tasha tana iya zama SD amma a watsa ta da DVB-S2 da MPEG-4, domin hakan ya fi araha. Irin wannan tasha ba za ta buɗe a tsohuwar risiba ba, dole sai mai HD, amma hoton da za ta nuna SD ne. Buƙatar risibar HD ba ta nufin tashar HD ce.

Daga risiba zuwa talabijin

Bayan risiba ta warware hoton, sai ta daidaita shi da girman da aka zaɓa a saitinta. Idan an saita ta a 1080 kuma tashar SD ce, za ta buɗa hoton sau biyar, ta cike gibin da ƙiyasi daga ɗigon da ke maƙwabtaka. Talabijin zai rubuta 1080 a kusurwa, mai kallo ya ɗauka HD yake gani. Wannan lamba ta abin da risiba ta miƙo ce, ba ta abin da tasha ta aiko ba. A yawancin risibobin kyauta, danna maɓallin INFO sau biyu yana fito da ainihin bayanin tashar: girman hoto, irin matsi, da TP ɗin da take kai. Idan aka ga 720x576, magana ta ƙare.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma shi ya fi ciwo domin asara ce ta banza. Wayar AV mai kai uku, rawaya da fari da ja, SD kaɗai take iya ɗauka. Wanda ya haɗa dikodar HD da filasma ta wannan waya, yana biyan kuɗin HD duk wata amma risibar tana ƙanƙance kowace tasha zuwa 576 kafin ta kai allo. Maganin shi ne wayar HDMI, sannan a shiga saiti a tabbatar an zaɓi 1080 ko 720.

Sai batun siffar hoto. Tsofaffin shirye-shirye da wasu tashoshin gida suna zuwa a 4:3, mai kusan murabba'i, sababbin talabijin kuma 16:9 ne. Idan aka tilasta hoton ya cika allo, kowa zai yi faɗi kamar an danne shi. Barin baƙaƙen ginshiƙai a gefe biyu shi ne ke nuna hoton yadda aka ɗauke shi.

Tasha ɗaya, kwafi biyu

Idan tasha ta koma HD, ba ta cika kashe ta SD nan take ba, saboda masu tsofaffin na'urori. Sai a riƙa watsa biyun lokaci ɗaya. A wurin risiba waɗannan tashoshi biyu ne daban, kowace da lambar shaidarta, sau da yawa a TP daban. A risibar kyauta duka biyun za su fito a jeri bayan sikanin, mai ita ne zai goge ɗaya ko ya matso da wadda yake so gaba. Dikodar kamfani kuwa, kamfanin ne ke tsara mata jeri daga sama.

Ƙasashen da suka riga suka bi wannan hanya sun nuna irin rikicin da ke ciki. A Amurka, wata doka ta 1999 ta ba kamfanonin dish damar kai wa kowane yanki tashoshinsa na gida. Da yake ƙasar ta kasu yankunan talabijin 210, sai ake amfani da taurari masu haska sigina a kan yanki ɗaya kawai, kamar tocila, dikoda kuma ta buɗe wa mutum tashoshin yankin da adireshinsa yake. A DirecTV kwafin SD da na HD sukan zo da lamba ɗaya, har sai da aka sanya wani zaɓi a saiti na ɓoye kwafin SD domin kada mutum ya riƙa kallo ko naɗar maras kyau bai sani ba.

A Ingila abin ya zo ta wata fuska. Har zuwa farkon 2023, BBC One ta HD ba ta ɗauke da labaran yankunan Ingila. Idan lokacinsu ya yi, sai allo ya nuna sanarwar a koma kwafin SD. Duk wanda ya saita naɗar labaran yankinsu a kwafin HD, sanarwar zai tarar a faifansa. Bayan an mayar da dukkan yankunan HD, BBC ta rufe tashoshinta na SD a tauraron ɗan'adam a Janairun 2024. Tashar ARD ta Jamus ta yi haka a Janairun 2025. Masu risibar SD zalla sun rasa tashoshin gaba ɗaya. Watsa kwafi biyu biyan haya biyu ne, don haka duk inda aka fara shi, ranar rufe na SD tana tafe.

Abin da ke faruwa idan aka danna maɓallin naɗa

Risiba ba ta ɗaukar hoton da ke kan allo. Datar da ke saukowa daga tauraro take kwafewa kai tsaye zuwa filashi ko faifan ajiya, yawanci a fayil mai ƙarewa da .ts, ba tare da ta ƙara ko ta rage komai ba. Sakamakon haka, tashar SD za ta naɗu a SD ko an saita risiba a 1080, tashar HD kuma za ta naɗu a cikakken HD ko da ta wayar AV ake kallo. Babu zaɓin rage inganci irin na saukar da bidiyo a waya. Mai son ƙaramin fayil, kwafin SD zai naɗa.

Lissafin wuri mai sauƙi ne. Kowane megabit ɗaya a sakan yana cin MB 450 a awa. Tashar SD mai megabit biyu za ta ci kusan MB 900 a awa, ta HD mai megabit takwas kuma GB 3.6. Wasan ƙwallo da hutun rabin lokaci da ƙarin mintuna yana kai awa biyu, wato sama da GB 7 a HD. Filashi mai GB 16 wasa biyu zai ɗauka da ƙyar, alhali a irin waccan tashar SD zai ɗauki sama da awa 16.

Akwai abubuwan da ke ɓata naɗi waɗanda ba su da alaƙa da sigina. Tsarin FAT32, wanda yawancin filashi ke zuwa da shi, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce GB 4. Risibobi da yawa sukan yanka shirin gida-gida da kansu, amma a HD ana isa wannan iyaka cikin awa ɗaya da 'yan mintuna, don haka ya kamata a gwada tun kafin ranar da ake buƙata. Jabun filashi da aka rubuta wa GB 64 alhali cikinsa bai kai ba zai nuna yana naɗa, daga baya fayil ɗin ya ƙi buɗewa. Faifan ajiya na waje kuma yakan nemi wutar da ta fi ƙarfin ramin USB na ƙaramar risiba, ya riƙa katsewa.

Sai agogo. Tashoshin gida na kyauta da yawa ba sa aiko da jadawalin shirye-shirye, don haka da hannu ake saita lokacin farawa da na tsayawa. Risiba daga tauraro take karɓar lokaci, kuma dole a gaya mata yankin da take: GMT+1 a Najeriya da Nijar, GMT a Ghana. Kuskuren awa ɗaya a nan ya isa a naɗo wani shirin daban. Saitin naɗa kuma yana manne ne da kwafin da aka zaɓa. Idan tasha ta sauya TP, ko aka sake sikanin jeri ya hautsine, a duba tsofaffin saituttukan.

Kallon wata tasha ana naɗar wata

Sashen da ke kamo sigina a cikin risiba, wato tiyuna, TP ɗaya yake iya riƙewa a lokaci guda. Yawancin ƙananan risibobi tiyuna ɗaya gare su. Idan ana naɗa, tashoshin da ke cikin wannan TP ne kawai za a iya kallo, shi ya sa jerin tashoshi ke taƙaicewa, ko risiba ta tambaya ko a dakatar da naɗin. Tun da kwafin HD da na SD na tasha ɗaya sukan zauna a TP daban, zaɓar ɗaya maimakon ɗayan yana iya buɗe wa mutum hanyar kallon abin da yake so yayin da naɗi ke tafiya.

Tiyuna biyu kaɗai ba su wadatar ba, saboda LNB, wato ƙaramar na'urar da ke bakin sandar dish. Risiba tana aika mata volt 13 idan tana son tashoshin V, volt 18 idan na H ne, da wani sauti mai kilohaz 22 domin zaɓar manyan firikwensi. Wannan ya raba siginar tauraro gida huɗu, kuma waya ɗaya gida ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Raba wayar da abin rabawa ba ya magance wannan. Ana buƙatar LNB mai baki biyu da waya biyu, ko kuma irin wanda ke ware wa kowace tiyuna layinta a cikin waya ɗaya. Irin na biyun ne Smart LNB na DStv, wanda ake haɗa Explora da shi. Explora, wadda MultiChoice ya fara fitarwa a 2013, tana da faifan ajiya a cikinta da tiyuna fiye da ɗaya, kuma ana biyan ƙarin kuɗi duk wata kafin sashen naɗa ya yi aiki.

Dalilin da HD ke riga ɗaukewa da damina

Ƙananan dish suna aiki ne a zangon Ku, tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, wanda ruwan sama mai ƙarfi ke raunanawa. Tashoshin HD da yawa ana watsa su da salon 8PSK, wanda ke cusa data mai yawa amma yake buƙatar sigina mai tsafta fiye da salon QPSK na tsofaffin tashoshi. Hadari na haɗuwa, HD za ta fara tsinkewa, ta SD tana ci gaba na ɗan lokaci. Abin dubawa a allon saiti shi ne layin ingancin sigina, ba layin ƙarfi ba. Dish da iska ta ɗan gusar, ko LNB da ba a murɗa daidai ba, ko wayar da ruwa ya shiga kanta, duk suna iya barin SD ta yi aiki su kashe HD. Idan shirin da za a naɗa mai muhimmanci ne kuma gari ya yi duhu, kwafin SD ya fi tabbas.

Mayar da abin da aka naɗa cikin waya

Fayil ɗin .ts na tashar kyauta yana buɗewa a waya da manhaja irin VLC, ta hanyar OTG ko bayan an kwafa. Idan aka ga layuka kamar haƙoran mataji a gefen abin da ke motsi, ba lalacewa ba ce. Tsarin 576i da 1080i suna aiko da rabin hoto sau 50 a sakan, kuma VLC yana da saitin haɗe su. Ga wanda a waya zai kalla, kwafin SD ya wadatar, kuma bai kai sulusin wurin da HD zai ci ba. Abin da aka naɗa a dikodar kamfani kuwa a kulle yake, a cikinta kawai yake buɗewa. Ɗora shirin tasha a TikTok ko YouTube ba da izini ba na iya jawo a sauke bidiyon ko a rufe shafin.

Kafin a biya kuɗi

Mai shirin sayen risiba ya duba kwali ya ga DVB-S2 da H.265, domin ita ce za ta buɗe tsofaffin tashoshi da sababbi. Idan naɗa yake so, ya sa a gwada masa filashi a shagon, ya kuma tambayi yawan tiyuna. Wanda yake da risibar HD a gida amma tashar garinsu ba ta fita garau, ya fara da duba wayar da ke bayan talabijin, sannan ya danna INFO. Idan HDMI ce kuma bayanin ya nuna 720x576, risibarsa tana yin iyakar abin da za a iya yi, gyaran yana hannun tashar. Kuɗin sabuwar risiba gara a sa su a waya mai kyau, ko filashi na asali, ko a kira mai saiti ya ƙara daidaita dish kafin damina.